Wayar Baba Ta Kusa Raba Ni da Aiki a Kotonu

A Malanbil, garin farko idan an ƙetare kogin Kwara an shiga ƙasar Benin, na fara gane cewa littattafan soyayyar da na taso ina karantawa sun ɓoye mini abubuwa da yawa. A cikinsu idan saurayi ya tafi ƙasar waje, shafi ɗaya ake juyawa sai ga shi ya dawo da mota da ƙamshin turare. Ba wanda ya taɓa rubuta yadda ƙafa ke kumbura bayan kwana biyu a cikin kar, wato babbar motar fasinja, ko yadda mutum ke rungume jakar ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, a kwalekwale kamar jariri, yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Sunana Lawali. Ƙauyenmu yana kusa da Yekuwa, ta wajen Magariya. Baba manomin hatsi ne, yana kuma da shanunsa. Ni na yi karatun informatik, ilimin kwamfuta, a Damagaram, na dawo gida da diplom, na auri Zuwaira, 'yar ƙanwar Baba. Taubashiyata ce, shi ya sa har bayan aure ba ta daina tsokanata ba, Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko. Watanmu bakwai da aure wani mutum da na sani ta intanet ya ce yana da biro, wato ofis, a Kotonu, in zo akwai aiki.

A tashar Malanbil wani ɗan kamasho ya ji Hausata ya rungume ni, ya ce shi ma kakarsa 'yar Damagaram ce. Ya karɓi jakata, ya samo mini wurin zama kusa da taga, ya rantse motar ba za ta tsaya ba sai bakin teku. Har addu'a na yi wa kakar tasa. A Paraku direba ya kashe mota ya ce iyakarsa ke nan, tikitina ma na Paraku ne, in duba. Na duba. Gaskiyarsa.

Na zauna a kan benci gaban wata mai sayar da sakwara, yunwa na cina, kunya ta hana ni motsi. Matar ta dube ni ta faɗi wata kalma, ban gane ba. Ta sake faɗin wata da wani yare, tana kallon fuskata. Ta gwada ta uku. A ta huɗu ta ce, "Sannu." Ban san fuskata ta canza ba sai da na ga ta tafa hannu tana dariya. Iyakar Hausarta ke nan, amma ta zuba mini sakwara da miyar gyaɗa, ta ƙi karɓar komai, sannan ta kira wani direban babbar mota mai kai doya kudu ta yi masa magana da ƙarfi tana nuna ni. A kan doya na shiga Kotonu. Har yau ban san sunan matar nan ba.

Adireshin da aka ba ni na same shi ba wuya, ɗan zemijan, wato kabu-kabunsu mai rigar ɗorawa, ya kai ni har ƙofa. Shagon daskararren kifi ne. Mai shagon bai taɓa jin sunan mutumina ba, lambarsa kuma daga ranar ba ta sake shiga ba. Na taka a ƙasa har bakin teku saboda ban san inda zan nufa ba. A littafi, nan ne saurayi ke rubuta sunan masoyiyarsa a kan rairayi. Na rubuta, ruwa ya zo ya share. Na ɗauki ƙarar tekun na aika wa Zuwaira a saƙon murya, ban gaya mata komai game da kifi ba. Ta amsa cewa rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau, ba ta ji komai ba sai shuuu.

Unguwar Zongo ce ta rufa mini asiri. Bayan sallar la'asar wani dattijo mai sayar da goro, Alhaji Isa, mutumin Madawa, ya tambaye ni daga ina. Da na ba shi labari bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya nuna mini tabarma a ɗakin ajiyar goronsa. Wata biyu ina yayyafa wa huhunan goro ruwa, ina gyara wa 'yan unguwa wayoyinsu. Ruwan sama a Kotonu ba ya sallama, gumi kuma ba ya bushewa. Abin da na fi kewa shi ne fura da nonon shanunmu, da muryar Zuwaira idan tana kiran kaji.

Alhaji ne ya ji wata mata da ke sayen goro don bikin danginta tana cigiyar wanda ya iya Hausa ya kuma iya ordinater. Sunanta Madam Senami, tana da ƙaramin biro a saman wani shagon magani, inda suke gina wa mutane shafukan intanet. Wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi ta ba ta aiki: shafin da makiyayan yankin Magariya da Dungas za su riƙa duba ranar da masu allurar shanu za su zo garinsu, su kuma rubuta sunansu da yawan dabbobinsu. Ana son shafin da Faransanci da Turanci da Hausa. Da na ji sunayen garuruwan sai da na nemi kujera. Na yi tafiyar kwana huɗu don a ba ni aikin ƙofar gidanmu.

Madam ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce gwajin wata uku ne, kuma don ɓangaren Hausa ta ɗauke ni. Idan ƙungiyar ta ci gaba da son Hausa, ina da kujera. Idan ba ta so, tana da Kojo, kuma Kojo ya ishe ta.

Kojo shi ne babban ma'aikacinta, dogo, mai son tsokana, ya sa mini suna Ɗan Sahara tun ranar farko ko da yake ban taɓa ganin Sahara ba. Shi ya nuna mini dabarar da suke taƙama da ita. Manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda suke kira nabigater, duk lokacin da ta ƙwanƙwasa ƙofar wani shafi takan miƙa jerin yarukan da aka saita wayar a kansu, wanda aka fi so a gaba. Shafinmu sai ya karanta jerin, ya ɗauko yaren da ya dace ya nuna, ba tare da ya tambayi kowa komai ba. Idan yaren da wayar ta faɗa ba ya cikin namu uku, sai a ba ta Faransanci. Kojo ya ce shafin kirki kamar ma'aikacin babban otal yake, ya san abin da baƙo ke so kafin ya buɗe baki. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ga kamar irin fahimtar da ke tsakanin masoya ce, ta ido kawai.

Na zuba zuciyata a shafin Hausar nan. Ban fassara Faransancin ba, na rubuta shi yadda likitan dabbobi zai yi wa Baba bayani a gindin gawo. A wurin da ake cika suna kuma akwai ɗan misali da ake sa wa mutum don ya ga yadda zai rubuta. A na Faransanci Kojo ya sa wani suna da ya ga dama. A nawa na rubuta: Zuwaira, Yekuwa, shanu biyu. Shanunta ne na gaske, saniyar da Baba ya ba ta da karsanar da ta zo da ita daga gidansu. Ranar da aka buɗe shafin na aika mata adireshinsa, na ce ta duba da kyau, na ɓoye mata wani abu da duk ƙasar Magariya za ta gani.

A gidanmu babbar waya ɗaya ce, wadda na sayo wa Baba a kasuwar Maigatari, ƙetaren iyaka. Da rana tana aljihunsa, da yamma Zuwaira ta karɓa ta hau tudun bayan rijiya inda rezo ke kamawa. Kwana uku ina jiran ta ce wani abu. Ta ba ni labarin wake, ta ba ni labarin bikin wata ƙawarta a Bande, ba ta ambaci shafi ba. A na huɗu na kasa haƙuri na tambaya.

"Mushe, na buɗe," in ji ta. "Turanci ne tun daga sama har ƙasa. In aikin wani ne ka nuna mini, ba komai, ni ban aure ka don shafi ba."

Maganar nan ta fi zambar ɗan kamashon Malanbil zafi. Na ce wataƙila kuskure ne na rana ɗaya, na bar shi a haka.

Bayan wata guda mutumin ƙungiyar ya kira Madam. Na'ura tana rubuta duk wanda ya shigo shafi da yaren da aka nuna masa, kuma sun duba. Mutane suna shigowa, amma ba su daɗewa, ba su cika suna. Shafin Hausa kuwa ba wanda ya taɓa buɗe shi sai mu da muke gwaji a biro. Ya ce a fili yake mutanen yankin ba su neman Hausa a intanet, a ƙarshen wata za a cire ta. Madam ta gaya mini tana kallon tebur. Kojo ma ranar bai kira ni Ɗan Sahara ba.

Na zauna na buɗe rubutun na'urar da kaina, ina bin yaren da kowace waya ta faɗa. Ban daɗe ba na fara ganin ƙauyenmu a ciki. Masu Turanci wayoyin kasuwannin iyaka ne, yadda ɗan kasuwa ya miƙo su haka suke. Masu Faransanci na Damagaram ne, ko na malaman lakwal da ma'aikata. Masu Larabci na san su, samarinmu ne da suka je Libiya ko Aljeriya suka aiko wa iyayensu. Har da guda mai yaren Italiya, na kuwa san gidan da ɗansu ya ƙetare teku, uwarsa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Kowace waya hanyar da ta biyo take faɗa. Ba wadda ta san bakin mai ita.

Sai na yi wauta irin ta ɗan boko. Na ce ai gyaran mai sauƙi ne, mutane su mayar da wayoyinsu Hausa. Zan fara da gidanmu, sannan a yi shela a kasuwanni. Na kira Zuwaira na bi da ita mataki-mataki har ta sauya yaren wayar. Kafin ta kai ga buɗe shafin rezo ya ɗauke, magariba ta yi, ta sauko ta mayar wa Baba wayarsa.

Kwana biyu ban same su ba. A na uku ta kira ni tana dariya har tana shaƙewa. Ta ce Kawu, haka take kiran Baba, ya buɗe waya da safe zai aika wa ƙanensa saƙo, ya ga komai ya canza. Baba bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Da siffa ya san wayarsa: gajeren rubutun nan na dama shi ne ci gaba, mai tsawon nan na hagu shi ne fasa, mai kama da ƙugiya shi ke kai shi wurin muryoyi. Shekara biyu yana kiwon waɗannan siffofi kamar yadda ya san shanunsa da ƙaho. Yanzu an wayi gari an canza masa garke. Ya ɗaura wa jaki amalanke, ya tafi har kasuwar Dancawo wurin mai sharjin waya, mai sa wa wayoyi caji, ya ajiye ta a kan tebur ya ce a mayar masa da ita yaren da ya iya. Mai sharji ya tambaya wane yare ke nan. Baba ya ce Turanci mana.

Ni ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yawan yi mini magana kai tsaye. Amma ranar ya karɓi wayar daga hannun Zuwaira. Na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa shafin yana tambayar waya ne yaren da mai ita yake so, kuma idan ba a samu masu Hausa ba aikina ya ƙare.

"Kai, shekara nawa kana bina rijiya?" ya ce. "Baƙo ya zo shayar da dabbobi, ka taɓa ganin na je na tambayi jakinsa wane yare ubangidansa yake ji? Jakin ma wataƙila jiya ya saye shi. Sallama nake yi masa in saurari bakinsa. In ya amsa da Fulatanci mu yi Fulatanci. Ku ku gaida mutane mana. Kuma kar a sake taɓa mini waya."

Na ce to, Baba. Ina ajiye wayar matar Paraku ta faɗo mini a rai, tana jera gaisuwa tana kallon fuskata.

Washegari na kai wa Madam shawara: kafin shafi ya nuna komai, ya fara gaisuwa. Manyan maɓallai uku, kowanne da launinsa, kowanne idan an taɓa shi ya yi magana da murya, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Wanda mutum ya zaɓa shafin ya riƙe, kar ya sake tambayarsa. Abin da nabigater ta faɗa a bar shi a matsayin zato kawai, ya nuna wane maɓalli zai zo a sama. Kojo ya ce wannan komawa baya ne, duk wanda ya san aiki yana rage wa baƙo taɓe-taɓe ne, ni kuma ina ƙara masa. Na tambaye shi wayarsa da wane yare take. Ya ce Faransanci. Na ce idan mahaifiyarsa ta kira fa, da me suke magana? Ya ce wannan daban. Madam ta ɗaga tata wayar tana murmushi, ta ce ita tata Turanci take yi, 'yarta ce ta aiko mata daga Akara, kuma shekara guda ke nan tana jin kunyar ta ce a canza mata. Ta ba ni kwana goma, ta ce ita za ta san yadda za ta riƙe mutumin ƙungiyar.

Muryar Faransanci Madam ta yi, ta Turanci Kojo ya yi yana ƙunƙuni. Ta Hausa ban yi shawara da kowa ba. Zuwaira ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce, ta ce mutane za su gane ta, ta ce Kawu zai ji. Sannan ta aiko guda shida in zaɓa. Na ɗauki ta huɗu, wadda ta ce, "Sannunku da zuwa, ga bayani da Hausa," ana jin guga na bugun bakin rijiya a bayanta. Kojo ya so ya goge ƙarar gugan, na hana. Tun da na ga muryar ta yi aiki, na ƙara wani maɓalli da ke karanta wa mutum ranakun allura da sunayen garuruwa, wannan da tawa muryar.

Kwanakin nan goma ban ci abinci da daɗi ba. Alhaji Isa ya lura, kullum sai ya tura mini kwanon tuwonsa ya ce shi ya ƙoshi. Kwana biyun farko ba abin da ya motsa. Ranar kasuwar Dancawo sai ga su sun fara shigowa, wayoyin Turanci da na Larabci, suna taɓa maɓallin Hausa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na ji mai sharjin nan ne yake kunna wa duk wanda ya zo karɓar wayarsa, wai ku ji intanet ta koyi gaisuwa. Sunaye suka fara cika: wane daga Bande, wane daga wani ƙauyen Dungas da ban taɓa ji ba. Wayar Italiya ma ta zo, ta zaɓi Hausa, ta rubuta awaki.

Mutumin ƙungiyar bai ce ya yi kuskure ba. Ya dai tambayi Madam ko za a iya ƙara Fulatanci da Barbarci a shekara mai zuwa. Madam ta ajiye waya ta ce wa Kojo ya matsa da teburinsa, Ɗan Sahara yana buƙatar wurin da fanka ke kaiwa. Kojo ya matsa, yana cewa shi dai a rage masa wannan sannunku da zuwa, sau arba'in yake jin ta a yini saboda wani yana fakewa da gwaji. Ban musa ba.

Yanzu shekarata ɗaya da rabi a Kotonu. Na kama ɗaki a Zongo kusa da Alhaji, na saba da ruwan sama, na je gida sau ɗaya da ƙaramar salla, ba da mota ba, amma da turare. Idan Allah ya yarda bayan kaka Zuwaira za ta zo ta ji ƙarar teku da kunnenta. Baba har yau wayarsa Turanci take yi. An ce duk lokacin da rezo ya kama a gida ya taɓa maɓallin ya ji gaisuwar, sai ya amsa, "Yauwa, sannu kadai," ko da mai muryar tana zaune taku uku daga inda yake tana tankaɗe.

Amma saƙon da na ajiye, wanda nake saurare idan garin ya yi mini faɗi, shi ne wanda ta aiko a yammacin ranar kasuwar Dancawon nan. Ta hau tudun bayan rijiya, ta taɓa muryar kanta, shafin ya buɗe da Hausa, ta gangara har wurin cika suna. A cikin saƙon ana jin kukan wata tunkiya daga nesa.

"Mushe, na gani," ta ce. "Ashe da gaske kake. Amma ka yi wa duk ƙasar Magariya ƙarya. Karsanar ta haihu shekaranjiya, ina jira ka tambaya ba ka tambaya ba."

Na buɗe ordinater a take, na nemo layin, na goge biyu na rubuta uku.